Yadda Ake Dawo da Kumbo Ƙasa Lafiya a Manhajar Kwaikwayon Tuƙi

Matasan da ke taruwa wurina a unguwar Nima da ke Accra bayan sallar la'asar domin tuƙa kumbo a kwamfuta ba sa daɗewa kafin su iya harba shi zuwa falaki, domin tashi aiki ne na inji, kuma inji ba ya gardama idan akwai mai a tanki. Inda ake samun cikas shi ne dawowa. Wani ya ƙone kumbonsa tun yana kilomita 70 daga ƙasa, wani iska ta cilla shi baya zuwa sararin samaniya, wani kuma ya tsira daga wutar amma ya sami kansa a tsakiyar teku, titin sauka yana can nesa da shi. Dukansu cuta ɗaya ke damun su: suna ɗaukar saukowa a matsayin nufar ƙasa da hancin jirgi, alhali kuwa aikin gaba ɗaya shi ne zubar da gudu a hankali, gwargwadon abin da jikin kumbon zai iya ɗauka, har gudun ya ƙare daidai bakin titi. Wannan jagora a kan haka aka gina ta.

Mataki na farko: zaɓen manhaja da kumbo

Ina ba da shawarar a fara da Orbiter, manhajar da Martin Schweiger ya fitar a shekarar 2000. Kyauta ce, tana aiki da lissafin kimiyya na gaskiya, kuma tsohuwar kwamfuta irin wadda ake samu ta hannu a kasuwar Circle takan iya ɗaukar ta. Tana zuwa da wani kumbo na ƙirƙira mai fukafukai da ake kira Delta-glider, tare da kumbon Amurka Atlantis, ɗaya daga cikin kumbuna masu fukafukai da ake kira Space Shuttle, waɗanda aka daina amfani da su a shekarar 2011. Akwai kuma FlightGear, ita ma kyauta, wadda kumbonta na Amurka ya cika sosai har da kwamfutocin cikinsa, sai dai yana da wuyar sha'ani ga sabon shiga. Kerbal Space Program ta kuɗi ce kuma tana da daɗin koyo, amma duniyarta ƙarama ce, iskarta tana ƙarewa a kilomita 70, gudun falakinta kuma bai kai sulusin namu ba, saboda haka alƙaluman da ke cikin wannan jagora ba za su yi aiki a can ba.

A cikin Orbiter, Delta-glider yana da yafiya ƙwarai, kuma yafiyar tana iya lalata mai koyo, domin zai yi ta yin kuskure yana sauka lafiya. Bayan ka saba da madannai, ka sauko da ƙarin kumbon da ake kira XR2 Ravenstar, wanda yake nuna zafin jikinsa, yake ƙonewa idan aka wuce iyaka, kuma yake da na'urar da ke riƙe masa hanci a kusurwar da aka zaɓa. Sandar tuƙi tana taimakawa amma ba wajibi ba ce. Abin da ya zama wajibi shi ne allon madannai mai ɓangaren lambobi a dama, domin da shi ake juya kumbo, kuma yawancin ƙananan kwamfutocin hannu ba su da shi.

Mataki na biyu: sanin abin da ake fama da shi

Kumbon da ke kewaya duniya a tsayin kilomita 400, kamar tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, yana gudun kusan kilomita 7.8 a kowane sakan, wato kimanin kilomita 28,000 a awa. A wannan gudu, kowane kilo ɗaya na nauyin kumbon yana ɗauke da ƙarfi wanda ya kai kusan kashi biyu cikin uku na abin da kilo ɗaya na fetur ke bayarwa idan ya ƙone. Babu kumbon da ke ɗauke da man da zai tsayar da wannan gudu, saboda haka iska ce birki.

Mutane da yawa suna cewa gogayya da iska ce ke kawo zafin. Gaskiyar ita ce mafi yawan zafin yana fitowa ne daga matse iskar da ke gaban kumbon, wadda ba ta samun damar kaucewa, kamar yadda gindin famfon keke ke ɗaukar zafi idan aka daɗe ana buga iska. Dalili ke nan da ya sa ake tunkarar iska da faffaɗan ciki maimakon da tsinin hanci: faɗin yana tura iskar da ta yi zafi gaba kaɗan, nesa da jikin kumbon. Duk da haka hancin kumbon Amurka da bakin fukafukansa sun riƙa kaiwa digiri 1,650 a ma'aunin Salshiyas. Ɓarakar da wani ɓallin kumfa ya yi a bakin fiffiken hagu lokacin tashi ita ce ta hallaka kumbon Columbia da mutum bakwai da ke ciki a ranar 1 ga Fabrairun 2003, sa'ad da yake dawowa.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne zafin yana ƙaruwa da kaurin iska, amma ya fi ƙaruwa da gudu nesa ba kusa ba: idan gudu ya ninka sau biyu, zafin da ke shiga jiki yakan ninka kusan sau takwas. Ma'ana, muddin kana da gudu mai yawa, wajibi ne ka zauna a sama inda iska take da siranta, kuma ba za ka nemi iska mai kauri ba sai gudun ya ragu.

Mataki na uku: jiran hanya ta zo kan masauki

Buɗe allon taswira, ka zaɓi Cape Canaveral a jihar Fulorida a matsayin masauki. Za ka ga layin da kumbonka ke bi a saman duniya. Kewaye ɗaya yana ɗaukar kimanin minti 92, kuma a cikin wannan lokaci duniya takan juya kusan digiri 23, saboda haka kowane sabon layi yana faɗowa yamma da na baya. Aikinka a nan jira ne kawai, kana gaggauta lokaci da madannin T kana rage shi da R, har ka ga layin da zai wuce kusa da masaukin. A zamaninsa kumbon Amurka yana iya kaucewa gefe har kusan kilomita 2,000 a cikin iska, amma mai koyo ya nemi layin da bai wuce 'yan ɗaruruwan kilomita daga masauki ba. Wanda ya ƙosa ya sauko a layin da bai dace ba ya riga ya faɗi tun kafin ya taɓa iska.

Mataki na huɗu: birkin barin falaki

Wannan shi ne kaɗai wurin da za ka kunna inji, kuma ana yin sa ne a ɗaya ɓangaren duniya, kusan kilomita 20,000 kafin masauki, kimanin awa ɗaya kafin sauka. Kumbon Amurka mai nufin Fulorida ya riƙa yin nasa birkin ne sau da yawa a saman Tekun Indiya. Da a filin jirgin saman Accra za a sauka, da a tsakiyar Tekun Fasifik za a yi shi.

Danna madannin da ke juya kumbo ya ba hanya baya, ka jira ya natsu, sannan ka buɗe allon falaki ka sa ido a kan lambar da aka rubuta PeA, wadda ke nuna mafi ƙanƙantar tsayin da hanyarka za ta kai. Kunna inji a hankali, kana kallon lambar tana raguwa, ka kashe shi idan ta kai kimanin kilomita 50. Abin da ka rage daga gudunka bai wuce mita 100 a sakan ba daga cikin 7,800, kuma wannan ɗan ragi ya isa. Sabon shiga yakan ga kamar bai yi komai ba, sai ya ƙara wuta har lambar ta koma ƙasa da sifili, wato hanyarsa ta ratsa cikin ƙasa. Wanda ya yi haka zai shiga iska a tsaye, kuma babu dabarar tuƙin da za ta cece shi.

Ka adana wasan nan take bayan ka kashe inji. Na koyi wannan ne a wani dare da wuta ta ɗauke mana ina tsakiyar saukowa, batirin kwamfutar kuma ya riga ya mutu tuntuni, aikin awa biyu ya tafi a banza. Ban da matsalar wuta, wannan ajiya ita ce za ka riƙa komawa gare ta sau ashirin ko talatin.

Mataki na biyar: shiri kafin taɓa iska

Kana da kusan rabin awa. Juya kumbon hanci ya koma gaba, ciki yana kallon ƙasa, fukafukai a daidaice. Rufe duk wata ƙofa, naɗe faifan fitar da zafi, ka tabbatar tayoyi suna ciki. Idan kumbon yana ba da damar zubar da mai, rage shi, domin kumbo mai nauyi yana nutsewa cikin iska mai kauri kafin ya sami abin da zai tallafe shi. Mayar da allo ɗaya ya nuna bayanan tafiya kusa da ƙasa, ɗayan kuma ya ci gaba da nuna taswira da nisan masauki. Daga nan ka ɗaga hanci zuwa digiri 40 daga inda kake dosa, wato lambar AOA ta nuna 40. Delta-glider ba ya son zama a wannan kusurwa idan iska ta yi kauri, sai dai a sauko da shi da hanci a ƙasa da haka ta hanya mai tsawo, amma XR2 yana riƙe ta idan ka kunna masa na'urar riƙon.

An saba ɗaukar tsayin kilomita 122 a matsayin ƙofar shiga iska. Idan birkinka ya yi daidai, za ka iso nan kana gangarowa da kusurwar da ta ɗan wuce digiri ɗaya, kana faɗowa mita 150 zuwa 170 a sakan, masauki kuma yana gabanka da kimanin kilomita 8,000. Mayar da lokaci zuwa gudunsa na asali kafin wannan wuri.

Mataki na shida: cikin wuta

Minti na farko da na biyu ba za ka ji komai ba. Iskar ta yi siranta har fukafukai ba su da abin kamawa, ƙananan rokokin juyi ne ke riƙe da kumbon. Daga wajen kilomita 90 zuwa 80 ne za ka ga lambar matsin iska, DNP, ta fara motsi, sannan jan haske ya bayyana a tagogi. Daga wannan lokaci ka daina kallon taga. Lambobi biyu ne rayuwarka: VS, wadda ke nuna saurin faɗowa ko hawa, da VACC, wadda ke nuna ko saurin faɗowar yana ƙaruwa ne ko yana raguwa. Ta biyun ta fi muhimmanci, domin tana gaya maka abin da ta farkon za ta yi nan da rabin minti.

Ka bar fukafukai a daidaice da farko, domin duk ɗagawar da iska ke yi maka ta nufi sama ta katse faɗowar. Za ka ga saurin faɗowa yana raguwa daga 160 zuwa 100 zuwa 60. A nan ne mafi yawan masu koyo ke yin kuskurensu na farko: suna barin abin ya ci gaba har kumbon ya daina faɗowa ya fara hawa, sai ya yi tsalle kamar tsingaron da yaro ya wurga a kan ruwan tafki. Tsallen ba ya mayar da kai falaki har abada, tunda gudunka ya riga ya ragu, amma zai wuce da kai masauki da dubban kilomita, kuma faɗowa ta biyu ta fi ta farko tsanani.

Hankalin direba zai ce a sunkuyar da hanci domin a hana hawan. Kada ka yi. Da zarar hanci ya sauka daga digiri 40, iska mai zafi za ta sami saman kumbon da tagoginsa, wuraren da ba a yi musu kariya mai kauri ba, birkin da faɗin ciki ke yi kuma zai ragu. Abin da ake yi shi ne karkata kumbon gefe ɗaya, hanci yana nan a kusurwarsa. Idan fukafukai suna daidaice, duk ɗagawar iska tana tura ka sama. Idan ka karkata digiri 60, rabinta ne kawai ke tura ka sama. Idan ka kai digiri 90, babu abin da ke riƙe da kai sam. Karkata ita ce linzaminka na hawa da sauka: idan kana so ka nutse cikin iska mai kauri domin birki ya ƙaru, ka ƙara karkata, idan kuma zafi ya yi yawa ko faɗowar ta yi sauri, ka rage ta. Ka fara karkatar tun saurin faɗowa bai kai sifili ba, ka nemi inda VACC za ta tsaya kusa da sifili, kumbon yana zamewa ƙasa da 'yan mitoci goma-goma a sakan.

Duk wanda ya taɓa gangarowa daga tudun Aburi zuwa Ayi Mensah a mota mai lodi ya san irin wannan lissafi. Direban da ya danne birki gaba ɗaya zai ƙona shi, wanda ya sake shi kuma motar za ta ƙwace masa, sai dai a riƙa ci da kaɗan-kaɗan har a iso gindin tudu. Tsakanin kilomita 80 da 65 ne zafi ya fi tsanani, kuma nan ne za ka ɗauki mintuna masu yawa kana ganin kamar gudun ba ya raguwa. Yana raguwa. Idan ma'aunin zafi ya doshi ja, rage karkata da digiri biyar ko goma ka jira, kada ka fizge ta gaba ɗaya, domin kumbon ba ya amsawa nan take, kuma mai fizga yakan shiga hawa da sauka marar ƙarewa, kowane gyara yana haifar da kuskuren da ya fi na baya.

Karkata tana da farashi. Ɓangaren ɗagawar da ka kawar daga sama yana tura ka gefe, saboda haka a hankali hancinka zai bar saitin masauki. Idan bambancin ya kai digiri 10 zuwa 17, sai ka mirgina kumbon zuwa ɗaya gefen. Wannan ne asalin tafiyar maciji da ake gani a taswirar saukar kumbon Amurka. Wasu suna zaton ana yin ta ne domin tsawaita hanya, amma babban dalilin shi ne gyara kaucewar da karkata ta jawo. Ka lura cewa a tsakiyar mirginawa fukafukai za su ratsa ta daidaice, kumbon zai so ya yi sama, don haka ka yi ta ba tare da jan jiki ba.

Sauran lissafin na nisa ne. Duk bayan minti ɗaya ko biyu ka dubi gudunka da nisan da ya rage. Idan gudu ya yi yawa ga nisan, ƙara karkata ka sauka inda birki ya fi ƙarfi, gwargwadon abin da zafi ya yarje maka. Idan gudun yana neman ƙarewa alhali hanya da saura, rage karkata ka zauna a sama. Tun da wuri ake wannan gyara, domin a lokacin da kake gudun kilomita 6 a sakan ɗan canji yana sauya masaukinka da ɗaruruwan kilomita, amma idan gudun ya sauka zuwa kilomita 2 a sakan, abin da ya rage a hannunka kaɗan ne. Ni ina sa yarana su ajiye littafi kusa da kwamfuta, su rubuta tsayi da gudu da nisa a wurare huɗu ko biyar, tare da inda suka ƙare. Bayan gwaji goma, littafin yakan fi kowace jagora amfani, har da wannan, domin na kumbonka ne da nauyinsa.

Idan gudu ya sauko ƙasa da kilomita 3 a sakan, wutar ta wuce. Fara sauke hanci sannu a hankali daga digiri 40, yadda kumbon zai tashi daga matsayin garkuwa ya koma jirgi mai shawagi.

Mataki na bakwai: daga kilomita 25 zuwa titi

Abin da kake nema shi ne ka iso tsayin kilomita 25 da gudun da ya ninka na sauti sau biyu da rabi, titi kuma yana gabanka da kimanin kilomita 100. Waɗannan su ne alƙaluman kumbon Amurka, kuma ma'auni ne mai kyau ga sauran. Gara ka iso da rarar tsayi da ka iso da ƙarancinsa, domin rara ana zubar da ita da birkin iska ko da faɗaɗa kwana, amma ƙaranci ba shi da magani ga kumbon da ba ya kunna inji. Delta-glider da XR2 suna da inji, kuma babu mai hana ka kunna shi, sai dai a wurinmu wanda ya kunna inji a nan ba a ƙirga masa saukar.

Kada ka nufi bakin titi kai tsaye. Ka wuce ta samansa ko gefensa, ka yi babban kwana mai zagaye wanda zai fito da kai daidai kan layin titin kana da sauran tsayi kamar kilomita 3 zuwa 4. Titin Cape Canaveral da kumbon Amurka ya riƙa sauka a kai yana da tsawon mita 4,572, lambobinsa 15 da 33. Gangarowar ƙarshe tana da ban tsoro ga wanda ya saba da jirgin fasinja: jirgin fasinja yana saukowa da kusurwar digiri 3, kumbon Amurka kuwa da digiri 18 zuwa 20. Ka saita alamar da ke nuna inda kake dosa a kan wani wuri kafin bakin titi, ka riƙe gudu da birkin iska. A tsayin mita 600 ka fara ɗaga hanci a hankali har gangarowar ta koma kusan digiri ɗaya da rabi, ka sauke tayoyi da madannin G a wajen mita 90, ko kafin haka idan tayoyin kumbonka suna jinkirin fitowa. Tayoyin baya ne za su fara taɓa ƙasa, a gudun kusan kilomita 350 a awa ga kumbon Amurka, sannan ka sauke hanci a hankali ka taka birki.

Wannan mataki na ƙarshe ya cancanci a ware shi a koye shi daban. Orbiter tana da yanayin da ke fara ka kusa da titi, kuma ba hikima ba ce mutum ya shafe minti talatin yana ratsa wuta domin ya sami gwajin sauka guda ɗaya tak.

Bayan an iya

Wanda ya sauka sau uku a jere ba tare da inji ba yana iya ƙara wa kansa wahala ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ya gwada kumbo marar fukafukai irin na Apollo, wanda ya riƙa dawowa daga wata da gudun kilomita 11 a sakan, yana shiga iska da kusurwar kusan digiri 6.5, kuma tazarar da ke tsakanin ƙonewa da tsalle ba ta wuce kimanin digiri biyu ba. Dabarar ɗaya ce, mirginawa domin juya ɗagawar iska sama ko ƙasa, sai dai komai yana faruwa cikin 'yan mintuna.

Ta biyu ita ce wadda yaran Nima suka fi so. Orbiter tana karɓar sabon masauki ta hanyar ƙaramin fayil na rubutu, saboda haka ana iya sanya titi a Accra, wadda ke digiri 5.6 arewa da layin da ya raba duniya biyu, dab da layin Girinwic da ya ratsa ta Tema. Kumbon da ke kewaye a kan layin tsakiyar duniya yana wucewa kimanin kilomita 620 kudu da Accra a kowane zagaye, tazarar da karkata hagu ke iya cikewa, don haka babu dogon jiran layi. Za ka yi birki a saman Fasifik, ka ratsa wuta a saman Kudancin Amurka da Tekun Atlantika, sannan ka shigo ta yamma, gaɓar Takoradi da Cape Coast tana hagunka, kafin ka yi kwanan ƙarshe a saman teku ka fuskanci arewa maso gabas zuwa titi mai lamba 03.